Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Ya'yana, kwanakin baya wasu samari huɗu suka same ni bayan sallar isha'i a nan Legas, suka gaishe ni, suka zauna a gefen tabarma. Sun haɗa kuɗi sun sayi ƙaramin jirgin ruwa mai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, suna ɗan jigila da shi a ruwan cikin gari. To, yanzu zuciya ta raya musu su bi gaɓar teku da shi har Gana, su yi Babbar Sallah wurin 'yan'uwansu a Nima. Babbansu ɗan Yawuri ne, jikan Sarkawa, wanda ya iya riƙe filafili tun kafin ya iya riƙe allo. Ya ce mini, "Baba, ai ruwa ba baƙonmu ba ne." Na ce masa, "Ɗana, kogi ne ba baƙonka ba. Teku kuwa ko gaisawa ba ku yi ba tukuna."

Ban hana su ba, ku ma ba zan hana ku ba. Tafiya ce mai yiwuwa, masuntan Gana suna yin wadda ta fi ta nisa a kwale-kwalen katako. Kuma saurayin da ke son ganin duniya da ƙarfinsa da dabararsa ya fi mini wanda ke kwana a bakin titi yana danna waya. Amma abin da na faɗa musu a daren nan shi zan maimaita muku, domin na san akwai irinsu da yawa, a Legas da Kalaba da Fatakwal, da zangunan Kwatano da Lome.

Abu na farko, wanda duk sauran suka rataya a kansa: a kogi gaɓa uwa ce, a teku kuwa gaɓa ita ce abin gudu. Wanda ya tashi a bakin Kwara ko Binuwai ko tafkin Kainji, jikinsa ya riga ya haddace cewa in abu ya ɓaci sai a nufi tudu. Inji ya mutu? A sa gora, a kama ciyawa, a ɗaure jirgi a jikin itace. Hadari ya taso? A raɓa gefe a jira ya wuce. Wannan ɗabi'ar ita ke ceton mutum a kogi, ita ce kuma ke kashe shi a teku. Daga Legas har Gana gaɓar rairayi ce miƙaƙƙiya, ba lungu ba saƙo, ba tsibirin da za ka fake a bayansa. Raƙuman ruwan da ke dukanta ba a nan aka haife su ba. Daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su. A ruwa mai zurfi ba su da faɗa, jirgi ya hau ya sauka a hankali kamar ana lilo. Amma da sun iso inda ƙasa ta matso, sai su miƙe tsaye su karye. Jirgin da ya shiga wannan wuri ba gwani a kansa, raƙumi ɗaya zai juya shi a karkace, na biyu ya kife shi, inji da jarkoki su faɗo kan mutane.

Ku tambayi kanku dalilin da ya sa Turawan mulkin mallaka suka kafa dogayen gadojin ƙarfe cikin teku a Lome da Kwatano, ana sauke kaya da ƙugiya. Ba su sami inda jirgi zai raɓa ba ne. A Ankara ta Gana kuwa, manyan jirage can nesa suke tsayawa, majiya ƙarfi su yi ta jigilar kaya a kwale-kwale ta cikin kumfa, har sai da aka buɗe tashar Tema a 1962. Tashar Kwatano a 1965 aka buɗe ta, ta Lome a 1968. Dukkansu da duwatsu aka gina su, ba Allah ne ya halicce su haka ba. Ita ma mashigar Legas, sai da aka jera mata katangun dutse gabas da yamma a farkon ƙarni na 20 kafin manyan jirage su iya shiga.

Saboda haka wannan tafiya ba a lissafa ta da cewa "za mu Gana." Ana lissafa ta ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Ku ɗauki taswirar teku ku auna. Daga Legas zuwa Kwatano kusan mil 60 ne na teku, daga Kwatano zuwa Lome kusan 70, daga Lome zuwa Tema 80 da ɗoriya. Mil na teku mita 1,852 ne, ya fi na mota tsawo, don haka jimillar ta tasam ma kilomita 400. Tsakanin kowace ƙofa da mai bi mata ku ɗauka babu wurin sauka. Za ku ga bakunan koguna a taswira, na Mono a Grand-Popo, na Volta a Ada, zuciya ta ce ga mafaka. Kada ku yarda da ita. A bakin kowane kogi akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, yana ƙaura daga damina zuwa damina, kuma in ruwan kogi yana fita raƙuman teku suna shigowa, a kan wannan tudun suke karo. Abin da ya fi muni, wanda ke tahowa daga cikin teku bayan raƙuman yake gani, sumul, ba ya ganin fuskarsu mai karyewa sai ya riga ya shiga. Irin wannan mashiga ba a shigarta sai da ɗan gari a jirgi, da rana tsaka, lokacin da teku ke gab da gama cika.

Tunda na ambaci cikar teku, bari in ba ku wani ilmin da kuke da rabinsa ba ku sani ba. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jansa. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikar ta fi yawa, janyewar ta fi yawa, gudun ruwa a mashigai ya fi ƙarfi. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu yakan lafa. Ashe ɗan Musulmin da ke riƙe da kwanan watan Hijira a kansa ya riga ya san ranakun da bakin kogi ya fi zafi. Sauran rabin kuma jadawali ne, ana buga shi ga kowace tashar ruwa, ku nemo ku kwafe a takarda. Ku kuma tuna cewa agogon Najeriya da Benin ɗaya ne, amma da kun shiga ruwan Togo sai ku mayar da shi baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana. Kuskuren awa ɗaya a jadawalin ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai lokacin tafiya, kuma a nan ne muka fi daɗewa da samarin nan. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne wajen Mayu da Yuni, wato bakin damina. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso yamma tana kan ganiyarta, raƙuman ruwa sun fi girma, kuma akwai wani gudun ruwa da ke bin gaɓar nan daga yamma zuwa gabas, wanda shi ma a lokacin ya fi ƙarfi. Mai zuwa Gana daga Legas yamma ya nufa, wato iska a goshi, raƙumi a goshi, ruwa na jan sa baya. Ba lokacin ƙaramin jirgi ba ne, ko kusa. Daga Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, teku yakan yi sauƙi amma lokacin guguwar hadari ne. Wannan kun san shi, shi ne dai hadarin gabas da ke yaye rufin kwano a Kano da Maraɗi a farkon damina: gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sannan ta kece gaba ɗaya. A tudu kana da zaure. A teku ba ka da komai sai ka juya goshin jirgi ka fuskance shi, kowa ya zauna ƙasa, mai bokiti ya yi ta kwasar ruwa har ya wuce. Mafi kyawun lokaci shi ne Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da teku ya fi kwanciya. Shi ma da nasa, domin hazon hunturu yana saukowa har bakin teku, ya shafe gaɓa ka neme ta ka rasa.

Na ce musu, in dai Sallah ce, ku hau mota ta Seme ku je ku yi Sallarku. In kuwa teku kuke so, to ku bar teku ya zaɓa muku rana. Duk tafiyar ruwan da aka ɗaure ta da ranar biki ko suna ko ɗaurin aure, an riga an cire mata birki. Ranar za ta zo, sama ba ta yi kyau ba, wani ya ce ai ana jiranmu, a tashi. Ku ware mako biyu ga tafiyar da lissafi ya ce kwana uku ce, ku tanadi kuɗin zama a Kwatano ko Lome kuna jiran yanayi, kuma kada ku faɗa wa kowa a can ranar da za ku iso.

Yanzu batun mai. A mota in mai ya ƙare sai a tura ta gefe, a tari ɗan acaɓa da galan. A teku babu ɗan bumburutu. Kada ku karɓi maganar wanda ya sayar muku da inji kan abin da yake sha. Ku loda jirgin da nauyin da za ku tafi da shi, mutane da ruwa da jarkoki, ku cika tanki, ku yi gudun awa guda cur, ku dawo ku auna abin da ya ragu. Ku maimaita ranar da ruwa ke da motsi. Ga misali don ku ga yadda lissafin yake. A ce jirginku da kaya yana yin mil 12 a awa, yana shan lita 15. Ruwa na jan ku baya da mil guda, saura 11. Legas zuwa Kwatano ya zama awa biyar da rabi, wato lita 80 da 'yan kai. Ƙa'idar matuƙa ita ce ka isa da kashi ɗaya cikin uku na manka ba ka taɓa ba, don haka lita 125 za ku ɗauka, jarka biyar masu cin lita 25. Nauyinsu ya haura kilo 90, ya fi na ƙato guda, kuma dole a sa shi cikin lissafin lodi. In injinku irin wanda ake gauraya masa mai ne, yawancinsu kashi 50 na fetur ne ga kashi ɗaya na man inji, rabin lita ke nan a kowace jarka, amma ku duba littafin injinku. Ku tace man da kuka saya, domin fetur mai ruwa ko datti ya fi komai kashe inji a tsakiyar tafiya. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi ba a gani. Ba taba, ba ashana, ba risho. Wanda ba zai iya haƙura da sigari na awa shida ba, ya bi mota.

Waɗannan jarkokin suna da wata matsalar da samarin nan ba su taɓa kawowa a ransu ba. Jirgi ɗan ƙarami cike da fetur, ya fito daga Najeriya ya nufi Benin, me kuke jin kwastan da sojan ruwa za su kira shi? Shekara da shekaru ta wannan hanya ake fasa-ƙwaurin mai, har mutanen Benin suna da sunan da suke kiran irin wannan fetur, kpayo. Ku ba ku san kome ba, amma kamanninku na masu laifi ne. Maganin wannan takarda ce, kuma a tudu ake neman ta. Ku yi wa jirgi rajista, ku riƙe rasiɗin saye na jirgi da na inji da lambarsa, ku je wurin jami'an shige da fice da na kwastan ku bayyana tafiyarku, su buga muku hatimin fita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, amma ba ta ce ka sauka inda ka ga dama ba. Ta ƙofar hukuma ake shiga, da fasfo ko takardar tafiya, da katin rigakafin shawara. Kwatano da Lome da Tema tashoshin manyan jirage ne masu tsaro, ba a kutsa kai. Tun kafin ku tashi ku sa wani ɗan'uwa na zango ya je da ƙafarsa ya tambayo inda ƙananan jirage ke tsayawa da wanda ake kira kafin a shiga. Ku riƙe sefa da sidi a hannu. In akwai mai jin Faransanci a cikinku, shi ne mutum mafi daraja daga Seme har Aflawo.

Za ku ji ana maganar 'yan fashin teku, kuma ba ƙarya ba ne. A 2020 an sace ma'aikatan jirage 130 a mashigin tekun Gini, cikin 135 da aka sace a duk duniya. Abin ya ragu sosai daga baya. Su dai manyan jirage suka fi hari, amma inji mai kyau ma kaya ne, kuma jirgin da ke yawo da dare kusa da manyan jiragen da suka yada anga a wajen Legas ko Lome, masu gadi ɗan fashi za su ɗauke shi. Ku yi nesa da su. In jirgin soja ya nufo ku, ku rage gudu, kowa ya zauna, hannuwa a fili.

Dare kuwa ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ku yi sallar asuba a bakin ruwa, ku tashi da gari ya waye. Safiya ta fi kwanciya, iskar teku takan taso ne bayan azahar. Ku tsara yadda za ku shiga ƙofa kafin la'asar, domin in wani abu ya ci muku awa biyu ku tarar da sauran haske. A nan kusa da tsakiyar duniya magariba ba ta jan lokaci, rana na faɗuwa duhu ya rufe. Hukumar NIWA ma ta hana tafiyar dare a ruwayen cikin ƙasa, balle teku, inda tarunan masunta suke shimfiɗe da nisan da ba za ka zata ba, da gungumen itace, da kwale-kwalen da ba fitila.

In inji ya mutu fa? Wannan tambayar ita ce jarrabawar duk shirin. Ku tuna iska da raƙuma duk gaɓa suke tura ku, wato can inda na ce muku ake kifewa. Abin da ke tsakaninku da wurin nan anga ce. Ba ɗan dutsen da kuke ɗaurewa da igiyar shanya a ruwan cikin gari ba, anga ta gaske mai sarƙa, da igiya mai tsawon zurfin ruwa sau biyar zuwa bakwai. A ruwa mai zurfin mita 15, kusan mita 100 ke nan. Ku jefa ta tun kuna nesa, jirgi ya tsaya, sannan ku buɗe inji a natse. Wannan ne ma ya sa ba a manne wa gaɓa don jin daɗin ganin itatuwan kwakwa. Mil biyu ko uku daga tudu shi ke ba ka lokacin gyara. Sai dai ku duba taswira kafin ku jefa anga, domin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 678 da ya tashi daga Najeriya zuwa Takoradi ta ƙarƙashin ruwan nan ya bi, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema. A 2012 angar wani jirgi ta fasa shi a wajen Lome, gas ya yanke wa ƙasashe uku wata da watanni.

Yawancin abin da ke tsayar da inji ƙananan abubuwa ne: fulogi ya yi baƙi, tiyon mai ya tsage, ruwa ya shiga tanki, leda ko igiyar taru ta naɗe farfela, ko ta toshe inda inji ke shan ruwan sanyaya kansa. Ku saba da waiwayen ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan inji. In ya ɗauke, ku kashe nan take kafin inji ya ƙone. Ku riƙe fulogai, da farfela ta biyu da abin ɗaure ta, da tiyo, da igiyar tayarwa, da sifana da filaya, kuma kowane ɗayanku ya taɓa canza su da hannunsa, jirgi na rawa, ba a kan benci ba. In da hali ku ɗaura ƙaramin inji na biyu, ko mai doki 15 ne. Wanda ya fi wannan duka shi ne jirage biyu su tafi tare.

Waya tana da amfani, amma kada ku ɗora mata rayukanku. Sabis yana ɗaukewa da an yi nisa da tudu, layin Najeriya kuma ba lalle ya yi aiki a ruwan Togo ba, ruwan gishiri kuwa ba ya barin waya da rai. Ku sauke taswirar teku a cikinta tun a gida yadda GPS zai yi aiki ba intanet, ku ƙulle ta a leda mai kauri, ku riƙe batirin caji. Bayan wannan ku nemi kamfas da taswirar takarda, kowace awa a ɗiga alama inda kuke. Gaɓar nan ƙasa-ƙasa take, ko'ina rairayi da kwakwa, wuri ɗaya ba ya bambanta da wani, kuma mutumin da ke tsaye a ƙaramin jirgi bai fi kilomita biyar yake hangen ruwa ba. Ku sayi rediyon oba-oba na teku. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, manyan jirage da tashoshi suna saurarenta dare da rana. Akwai cibiyar ceto a teku a Legas ƙarƙashin NIMASA, ku rubuta lambobinta. Ku riƙe usur, da madubi, da tocila mai ƙarfi. Ku san cewa in kuna shiga tasha a wannan yanki, jan tulun alama yana hagu, kore yana dama, kuma a ƙuntatacciyar hanya ƙaramin jirgi ne ke kaucewa, domin babba ba ya iya tsayawa ko ya gan ku.

Sannan ku bar takarda a gida, wurin mutum mai hankali wanda ba ya mantuwa: sunayenku, launin jirgi, inda kuka nufa yau, ƙarfe nawa ya kamata ku kira, da wanda zai sanar in ba ku kira ba. Mutane da yawa sun salwanta a ruwa ba don ba za a iya ceto su ba, sai don ba wanda ya san sun ɓata sai bayan kwana uku.

Guzuri ba shi da wuya. Ruwan sha lita huɗu ga kowane mutum a rana, a ƙara na kwana biyu. Dabino, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, burodi. Kilishi ku bar shi sai an sauka, ƙishirwa yake kawowa. Jirin teku ba ya jin kunyar jarumi, mai fama da shi ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya tauna citta, ya riƙa kurɓar ruwa. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu. Babbar riga a ninke ta a jaka, domin a cikin ruwa nauyi ce da tarko.

Na bar maganar da ta fi yi mini nauyi sai yanzu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kwara wajen Pategi, suna dawowa daga biki da dare. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan ba teku ba ne, ruwan da muka sani ne, ruwan gida. Abin da ake ta maimaitawa bayan kowane irin wannan rashi bai canza ba: lodi ya wuce kima, ba rigar kariya, ko an yi dare. Ni kuwa a ganina akwai abin da ke ƙarƙashin waɗannan duka, wato kunya. Matuƙi ya san jirgi ya cika, amma ga ƙanin mahaifinsa a bakin ruwa da buhu biyu, yaya zai ce masa a'a? Tarbiyyarmu ta koya mana kada mu mayar da babba, kada mu bar ɗan'uwa a baya, kuma tarbiyya ce mai kyau a tudu. A jirgi kuwa, wanda ya ji kunyar mutum ɗaya ya sayar da ran sauran. Ranar tashinku wani zai zo da jaka ya ce a rage masa hanya, wata gwaggo za ta aiko da buhun saƙo zuwa Nima. Ku yanke adadin mutane da na kaya tun yau, ku rubuta, ku ce Baba ne ya hana. Na yarda ku jingina abin a kaina.

Haka kuma ku zaɓi shugaba ɗaya tun a tudu, ba lalle wanda ya fi zuba kuɗi ko ya fi shekaru ba, wanda ya fi sanin ruwa kuma ya fi sanyin kai. In ya ce a juya, an juya, ba gardama sai an sauka. Ku yi alkawari tsakaninku cewa ba wanda zai kira wani matsoraci, a jirgi ko bayan an dawo. Rigar kariya a jiki take zama, a ɗaure, daga tashi har sauka, har da shi ɗan Yawurin. Iya ruwa fid da kai ne, gaskiya, amma wanda jirgi ya buga wa kai ba ya iyo, kuma ba wanda ke iyon mil uku cikin raƙuma. Matuƙi ya ɗaura igiyar kashe inji a hannu ko a ƙafa, domin in ya faɗa ruwa jirgi ya tsaya, kada ya yi ta kewaya da farfela a kan mutane. Ku karanta addu'ar hawa jirgi da ke cikin Suratu Hudu, ku nemi albarkar iyaye. Wanda ya ce tawakkali ya ishe shi ba sai da riga ba, ku tuna masa cewa Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai da ya sassaƙa jirgi tukuna.

Kada kuma ku fara da Gana. Akwai hanyar ciki, ta rafin Badagiri, wadda ke kai mutum daga Legas har Porto-Novo da tafkin Nokoué ba tare da ya taɓa teku ba. Ku fara da ita, da takardunku. A can za ku koyi kainuwar da ke toshe hanya bayan damina, da shingayen rassan da masunta ke kafawa a ruwa, da yadda ake magana da jami'in iyaka, da abin da injinku ke sha a doguwar tafiya. Bayan haka ku riƙa fita ta mashigar Legas da safe ku dawo da hantsi, sau goma, sau ashirin. Ku je wurin masuntan Ilaje da Egun da Ewe da ke bakin tekun nan, ku gaishe su da ladabi, ku biya ɗaya daga cikinsu ya fita da ku. Yarenku ba ɗaya ba, wataƙila addininku ba ɗaya ba, amma abin da tsoho ɗaya a cikinsu ke karantawa a fuskar ruwa da asuba, ba za ku same shi a waya ba. In za ku yi babbar tafiyar, ku ɗauki ɗayansu ku biya shi hakkinsa cikakke.

Samarin nan sun yi Sallarsu a Nima, ta mota. Jirgin yana nan, sun sayi anga da igiya, kuma ɗan Yawurin yana fita da wani tsohon masunci duk ranar da ba shi da jigila. Sun ce sai Janairu. Na ce su zo mini da takardar lissafin mai da jadawalin ruwa in gani da idona kafin su sayi ko jarka ɗaya. Kai ma ɗana, in kana da irin wannan niyya, ka nemi dattijon da ya san teku ka shimfiɗa masa shirinka, kuma in ya ce bana ba ta yi ba, ka bari sai baɗi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku gaban iyayenku lafiya.